Ƙwayar Bitamin ko Tiyar Gero: Tallafin da Ya Dace da Masu Sida a Adar

A Nijar kyauta ake ba da magungunan rage kaifin ƙwayar cutar Sida, kuma galibin kuɗinsu daga Asusun Duniya na yaƙi da Sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro suke fitowa. Abin da ba a daidaita a kai ba shi ne ko gwamnati za ta haɗa wa mai cutar da bitamin da abincin ƙarin ƙarfi. Tambayar ta fi nauyi a jihar Tawa, ƙasar Adar, wadda binciken lafiyar jama'a na 2006 ya sa cikin jihohin da suka zarce matsakaicin ƙasa na kashi 0.7 cikin ɗari, inda kuma samarin Kaita, Barmu da Kalfu ke tafiya ci-rani Abijan, Najeriya da Libiya su bar mata da yara da rumbun da ba ya kai su kaka. Matsayin wannan maƙala shi ne, ɗan kuɗin da ke akwai abinci ya kamata ya saya wa wanda ya rame da iyalinsa, raba wa kowa ƙwayar bitamin kuwa asara ce.

Masu goyon bayan bitamin suna da hujja mai ƙarfi. Binciken Wafaie Fawzi da abokan aikinsa a Darussalam ta Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2004, ya bi mata masu ciki 1,078, ya nuna cewa bitamin B da C da E suna jinkirta tsanantar cutar. Sai dai an fara binciken ne a zamanin da maganin Sida bai wadata a Afirka ba, jinkiri kaɗai ake nema. Da aka gwada bitamin mai yawa a kan manya sama da 3,000 da suka fara shan magani a Tanzaniyar, sakamakon 2012 bai nuna ya fi madaidaicin awo amfani ba, har aka dakatar da gwajin saboda alamun illa ga hanta. Tun 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a ɗora shi kan magani nan take, don haka jiran da bitamin ke tsawaitawa ya kau. Akwai ma wani tarnaƙi da ba a cika faɗa wa majinyaci ba: ƙarfe da sinadarin kalsiyam da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi suna rage shigar maganin Sida na dolutegravir jini idan aka haɗiye su tare ciki babu komai. Ke nan a gidan da ba a ɗora tukunya ba, ƙarin na iya rage wa maganin ƙarfi.

Abinci kuwa lissafinsa a fili yake. Hukumar ta kiyasta cewa mai ƙwayar yana buƙatar ƙarin kuzari na kashi 10 cikin ɗari tun bai kwanta ba, ya kai kashi 20 zuwa 30 idan ciwo ya bayyana. Ma'aikatan jinya sun san ƙorafin nan na cewa magani yana sa yunwa, da yadda mutum ke ajiye shi tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da tiyar gero ta yi tsada, fura ta koma ruwa-ruwa ba nono. A nan gida Nijar wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano cewa waɗanda aka ba iyalinsu tallafin cimaka sun fi bin ƙa'idar shan magani, mace-macensu kuma sun ragu. Binciken ƙarami ne, kuma gwajin da aka yi a Malawi a 2009 ya nuna cewa abincin gyaɗa mai ƙarin sinadarai ya fi garin masara da waken soya sa ƙiba ba tare da ya fi shi rage mutuwa ba. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne kada a ɗora wa abinci aikin magani, aikinsa ya riƙe mutum a kan maganin.

Za a ce abincin da aka kai gida rabawa za a yi da yara. Za a raba ɗin, babu uwar da za ta ci ta hana, shi ya sa awon ya zama na iyali tun farko. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na adalci: a yankin da ya sha yunwar 2005, inda cibiyoyin jinyar tamowa na CRENI ke cika da yara masu tamowa kowace damina, me zai sa a fifita mai Sida? Ga kuma tonon asiri, domin buhun da aka fito da shi daga wata ƙofa ta musamman a babban asibitin Tawa ko na Galmi shela ce ga duk mai ido. Amsar duka biyun ɗaya ce. A ɗora cancanta kan ma'aunin jiki, watau nauyi da kaurin damtse, yadda mai tarin fuka da mai shayarwa da mai Sida za su bi layi guda, na ƴan watannin farkon magani da lokacin ƙarancin cimaka. Gero da wake ana samunsu a kasuwannin jihar, abincin gyaɗa na masu tamowa kuma kamfanin STA yana yin sa a Yamai. Tunda tallafin waje ya ja baya a 2025, wannan kaso ne da baitulmalin ƙasa zai iya ɗauka da kuɗin sefa, a bar wa Asusun Duniya maganin da sai an shigo da shi.