Daga Sarƙar Safiyo Zuwa Jirgi Maras Matuƙi: Tarihin Taswirar Barnawa da Filin Makarantarmu

Tun ranar babban taronmu na bara, inda na baje taswirar filin makaranta a kan tebur, 'yan uwa suke ta tambayata yadda aka yi wani ɗan jirgi da bai fi faranti girma ba ya yi aikin da a da sai ayarin ma'aikata. Kwamitin mujalla ya ce in amsa a rubuce. Na ce to, amma sai an bar ni na faro daga tushe, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Waɗanda muka yi aji ɗaya ba za su manta da marigayi malaminmu na Labarin Ƙasa ba, Allah Ya jiƙansa. Wata rana muna aji uku ya shigo da hotuna biyu na Kaduna da aka ɗauka daga sama, da wani tabarau mai ƙafafu. Ya jera hotunan, ya ce mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya zo kaina, sai na ga itatuwa sun miƙe tsaye, gaɓar kogi ta yi zurfi, kamar in sa hannu in taɓa. Wannan leƙe shi ya sa na zama safiyo, na kuwa yi shekara talatin da biyar ina awon ƙasa kafin in yi ritaya.

Zanen taswira ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1824, lokacin da Bature Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar da ke nuna garuruwa da yadda kogin Kwara yake tafiya, aka kuma buga ta a Ingila a 1826. Sai dai irin wannan taswira ta matafiya ce, da kwanakin tafiya ake auna nisa. Awon ƙasa da sarƙa da na'ura kuwa tare da mulkin Turawa ya zo, musamman saboda hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911. Ita ce ma ta jawo hankalin Gwamna Lugga zuwa wannan wuri na bakin kogi, a ƙasar Gbagyi, har aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna a 1917.

Safiyon wancan zamani da ƙafa yake aiki. Ana jan sarƙa mai ƙafa 66 ko mai ƙafa 100, ana auna kusurwa da na'urar tiyodalait, ana kafa turken siminti a kowace kwana. Domin awon kowa ya dace da na kowa, sai aka zaɓi wani turke kusa da Minna aka mai da shi mafari, duk lissafin taswirorin Nijeriya daga can yake tashi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe sunan Minna a ransa, domin za mu dawo kansa.

Ɗaukar hoto daga sama kuwa wani Bafaranshe mai suna Nadar ne ya fara shi a 1858, daga cikin balan-balan. Jirgin sama ya fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, Ingila ta kafa wata hukuma ta musamman don yin taswirorin ƙasashen da take mulka, jiragen sojan samanta suna ɗaukar mata hotuna. Jirgi yakan tafi a miƙe kamar mai yin kunya a gona, ya juyo ya kama ta gaba, kowane hoto yana maimaita kashi 60 cikin ɗari na wanda ya gabace shi. Maimaicin nan shi ne sirrin abin. Allah Ya ba mu ido biyu, kowanne yana ganin abu daga gefensa, shi ya sa muke gane nesa da kusa. Haka hotuna biyu na wuri ɗaya suke nuna tudu da kwari, abin da malaminmu ya nuna mana ke nan. Daga irin waɗannan hotuna aka zana taswirorin da muka yi jarrabawa da su, masu ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. A irin wannan ma'auni gidan mutum bai kai kan allura ba.

Babban aikin da aka yi wa Kaduna shi ne na Max Lock, wani masanin tsara birane ɗan Ingila, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauko shi da abokan aikinsa. Suka yi nazarin garin unguwa unguwa, suka fitar da littafinsu a 1967, suna hangen yadda birnin zai kasance har zuwa 2017. Ikon Allah, a wannan shekara ta 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12. Tsarin da aka yi wa hedkwatar Arewa baki ɗaya sai ya iske Kaduna ta koma hedkwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, ga kuma yaƙin basasa. An aiwatar da wani sashe, an bar wani a cikin kabad, sai a 2010 aka sake bitarsa.

Jama'a kuwa ba su jira takarda ba. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo ta, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai a 1980. Ma'aikata suka kwararo kudancin kogi daga ko'ina. Barnawar da muka sani muna yara, mai gonakin dawa da fadama da itatuwan mangwaro, ta zama unguwa cike da gidaje. A nan ne ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take da reshenta na nazarin muhalli, inda ake koyar da awon ƙasa da zanen taswira. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amma yaya za a tsare abin da taswirarsa ta tsufa? Gini ya yi ta gangarawa cikin fadama, har ambaliyar 2003 ta tuna mana cewa kogi ba ya manta hanyarsa.

Daga baya taurarin ɗan'adam suka shigo. Nijeriya ta harba nata na farko, NigeriaSat-1, a watan Satumba na 2003, amma kowane ɗigo na hotonsa mita 32 ne a ƙasa, wato yana iya haɗiye gida sukutum. NigeriaSat-2, na 2011, ya sauko zuwa mita biyu da rabi. A 2015 kuma Jihar Kaduna ta yi dokar kafa hukumar KADGIS, domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Duk da haka, mai son ya san ko katanga ta gota da taku uku yana bukatar ido mafi kusa da ƙasa.

To, a nan labarin ya iso ƙofar makarantarmu. Shekaru ke nan muna jin ƙishin-ƙishin cewa ana cin filinmu ta bayan gonar makaranta, amma kowa da inda yake nunawa a matsayin iyaka. Da kwamiti ya ɗora mini nauyin binciken, sai wani ƙanenmu, wanda ya gama makaranta shekara talatin bayana, ya ce yana da jirgi maras matuƙi na aikin safiyo, da izinin tashinsa. Gaskiya da fari na raina abin. Na ce masa, “Ɗan'uwa, da wannan abin wasan yaran za mu je gaban hukuma?” Ya yi murmushi ya ce, “Yaya, ai aikinku ne dai, kayan aiki ne kawai suka sake.”

Kafin hazo ya sauko muka fita. Da farko muka shafa farin fenti a wurare daban daban na filin, siffar gicciye, muka auna matsayin kowanne da na'urar GPS ta safiyo. Sa'an nan ya zana wa jirgin hanya a wayarsa, ya tashe shi sama kamar mita ɗari. Jirgin ya yi ta kai da komowa, kunya bayan kunya, yana ɗaukar hoto, kowanne yana maimaita kusan kashi 80 cikin ɗari na na baya. Kafin ɗalibai su fito tara ya sauko da hotuna ɗaruruwa.

Sauran aikin a kwamfuta ne. Akwai manhajoji na sayarwa irin su Pix4D da Metashape, akwai kuma ta kyauta mai suna OpenDroneMap, da ita muka yi. Manhajar takan bi hotunan tana neman alamomin da suka fito a hoto fiye da ɗaya: kusurwar kwano, bakin rijiya, wani dutse. Idan ta ga alama ɗaya a hotuna da yawa, sai ta lissafa inda jirgin yake a lokacin kowane hoto, da inda alamar take a ƙasa har da tsayinta. Haka take tara miliyoyin ɗigo, har siffar filin ta fito da tudunsa da kwarinsa. Sai mu nuna mata gicciyen fentin nan, mu ba ta ainihin awonsu, ta ɗaure komai a kansu. A ƙarshe ta gyara karkatar kowane hoto, ta ɗinke su wuri ɗaya, ya zama hoto guda wanda ake iya awo a kansa kamar taswira, kowane ɗigo kimanin santimita uku. Abin da muke yi da tabarau da fensir wata da watanni, kwamfuta ta yi shi a dare ɗaya.

Washegari muka ɗora tsohon zanen filin makaranta a kan sabon hoton, sai gabana ya faɗi. Iyakar ta gota da mita wajen tamanin, ta ratsa ta tsakiyar gidajen maƙwabta fiye da goma, a ɗaya gefen kuma ta yanke azuzuwanmu ta bar su a waje. Wasu 'yan kwamiti har sun fara zancen lauya. Azuzuwan nan ne suka tsayar da ni, domin na san a cikin filin aka gina su, a cikinsu muka yi karatu. Can cikin dare sai Minna ta faɗo mini a rai. Tsohon zanen a kan ma'aunin Minna aka yi shi, GPS kuwa da ma'aunin duniya mai suna WGS 84 take aiki, kuma a yankinmu bambancin su ya kai wannan tazara. Kuskuren namu ne, ni da na koyar da wannan darasi ga yara da yawa. Da muka daidaita ma'aunan biyu, muka kuma tono tsofaffin turaku uku da ƙasa ta binne, komai ya zauna daram. Ba don Allah Ya kiyaye ba, da mun ɗora wa bayin Allah laifin da ba su ji ba ba su gani ba.

Amma gaskiyar da ta rage ma ba mai daɗi ba ce. Ta ɓangaren gonar makaranta an shigo mana da abin da ya kusa filin ƙwallo guda. Bugu da ƙari, taswirar tudu da kwari ta nuna cewa gine-ginen da aka yi a wurin sun toshe hanyar ruwa, shi ya sa ɗakin kwanan ɗalibai na ƙasa yake cika da ruwa kowace damina.

Ina so 'yan uwa su fahimci abu biyu. Na ɗaya, hoton jirgi ba takardar mallaka ba ne. Sai safiyo mai rajista da majalisar masu awon ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ya sa hannu, hukuma kuma ta amince. Tashin jirgin ma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Na biyu, ba faɗa muke nema da kowa ba. Waɗanda suka yi ginin, da yawansu saye suka yi da guminsu, 'ya'yansu kuma a makarantar suke. Maganar abin da ya riga ya tafi tana hannun hukuma. Namu shi ne mu sabunta takardun filin, mu kafa sababbin turaku, mu kewaye abin da ya rage da katanga, mu buɗe wa ruwa hanya kafin damina. Rigakafi ya fi magani.

Na miƙa wa sakataren ƙungiya kwafin taswirar, na kuma ba shugaban makaranta guda domin ajin Labarin Ƙasa, ko Allah zai sa wani yaro ya leƙa ya ga abin da na gani. Duk wanda yake da tsohon hoton makaranta, ko na filin wasa ko na gona, don Allah ya aiko wa kwamiti, domin kowanne shaida ne. Asusun katanga kuma a buɗe yake, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya ɗaukaka makarantarmu. Wassalam.