Bikin Fina-finai Da Littattafan Faransanci A Jami'o'i: Daga Ina Ya Samo Asali?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗalibi a sashen koyon Faransanci na wata jami'a a arewacin Nijeriya, ya rubuto yana cewa duk shekara cikin watan Maris malamansu kan shirya mako guda na nuna fina-finai da karanta littattafan Faransanci. Yana so a ba shi tarihin wannan biki, kuma wai shin ba tallar Faransa ba ce kawai ake sa su yi?

AMSA: To Malam, abin da ƙila zai ba ka mamaki shi ne, wannan biki a maƙwabta aka haife shi, ba a birnin Paris ba. Ranar 20 ga watan Maris na 1970 wakilan ƙasashe da gwamnatoci 21 suka taru a birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar, suka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa wata hukuma ta haɗa kai a fannin al'adu da fasaha tsakanin masu amfani da harshen Faransanci. Ita ce daga baya ta zama ƙungiyar da ake kira Francophonie. Waɗanda suka fi matsa a kafa ta kuwa ba Turawa ba ne. Akwai shugaba Diori Hamani mai masaukin baƙi, da Leopold Senghor na Senegal, wanda shi kansa mawaƙi ne da Faransanci, da Habib Bourguiba na Tunisiya, sai Yarima Sihanouk na Kambodiya. Tun daga 1988 aka keɓe wannan rana ana tunawa da ita, shi ya sa ka ga bikinku yana faɗowa cikin Maris.

Amma su jami'o'i sun riga shugabanni haɗa kai. Tun a 1961 aka kafa wata ƙungiya a birnin Montreal na Kanada wadda ta tattara jami'o'in da ke koyarwa da Faransanci. A Nijeriya ma, da yake ƙasar tana kewaye da ƙasashe rainon Faransa, gwamnati ta buɗe ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri cikin 1991, inda ɗalibai irinku kan je su ƙara gogewa.

Sai mu zo ga fina-finan. Idan ana zancen silimar Afirka ta farko, Nijar na cikin sahun gaba. Wani Bafaranshe mai binciken al'adu, Jean Rouch, ya gamu da wani saurayi ɗan Yamai mai suna Umaru Ganda a tashar jiragen ruwa ta Abijan, yana aikin dako bayan ya dawo daga yaƙin Indochina, inda ya yi wa Faransa soja. Rouch ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Ganda bai tsaya a nan ba, ya koma gida ya koyi sana'ar, ya ɗauki labarin kansa na tsohon soja da abokai suka cinye wa kuɗi suka watse, ya yi fim mai suna Cabascabo, aka nuna shi a Cannes cikin 1969. A 1972, lokacin da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar lambarsa, Ganda ne ya fara ɗaukarta da Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya ƙwace budurwar da aka yi wa wani alkawarinta. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981.

Na biyunsa shi ne Mustafa Alasan, gwanin fim na zane. A cikin Bon voyage Sim na 1966 ya mai da shugaban ƙasa kwaɗo, yana yawon ziyarar aiki ana buga masa badujala, ka ga ai ba sai an gaya wa kowa da wa ake ba. Shi ne kuma ya daɗe yana riƙe da sashen silima na jami'ar Yamai, wadda tun 1992 ake kira Jami'ar Abdu Mumuni.

Ta wajen littattafai, akwai dattijo Bubu Hama, wanda Kotia-Nima nasa ya ci babbar lambar adabin Afirka baƙar fata. Wanda ya fi kamata Bahaushe ya nema dai shi ne Sarraounia na Abdullahi Mamani, da ya fito a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ce ta Lugu a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta riƙa ƙone garuruwa tana kashe mutane a kan hanyarta ta zuwa tafkin Chadi. Med Hondo ɗan Mauritaniya ya mai da littafin fim a 1986, ya ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci lambar FESPACO a 1987.

To batun ko talla ce. Ba za mu ɓoye maka ba, Faransa ce ta fi kowa zuba kuɗi a wannan ƙungiya, kuma ba don Allah kaɗai take yi ba, kowa ya san mai ba da hatsi yana da ta cewa a gidan da ake tuƙa tuwon. Sai dai ka duba abin da ake nuna maku. Littafin Mamani da Faransanci yake, amma tonon asirin sojan Faransa ne tun daga farko har ƙarshe. Fina-finan Ganda suna ɗauke da suna na Faransanci, alhali mafi yawan maganar da ke ciki Zabarmanci ce. Usman Sembene na Senegal ma da Faransanci ya fara rubuta littattafansa, da ya ga talakawan da yake rubutawa dominsu ba su iya karantawa sai ya koma majigi, har ya yi Mandabi da harshen Wolof a 1968. Don haka idan an zo tsara bikin baɗi, shawararmu ita ce ku nemi malamanku su sa irin waɗannan a gaba.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani, gidan da aka haifi yaron ya sallame shi. Bayan juyin mulkin 2023 ƙungiyar ta dakatar da Nijar. A watan Oktoba na 2024 hukumomin soja suka canza sunan dandalin Francophonie na Yamai, cibiyar al'adu mai sunan Jean Rouch kuma aka mai da ita ta Mustafa Alasan. Cikin Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan a yi bikin cika shekara 55, Nijar ta ba da sanarwar ficewa, Burkina Faso da Mali su ma suka fita a cikin makon. A wannan shekarar ce kuma sabon kundin da aka kafa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.