Daga Tamantit zuwa Hubbare: Shehu Maghili da labarin Yahudawan Sahara

Masu ziyarar Hubbare a birnin Sakkwato, na Kano da na Maraɗi da na Adamawa, sukan cire takalma a ƙofa su shiga da sallama, ba abin da ke ransu sai Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu ranar 20 ga Afrilun 1817 aka binne shi a nan cikin gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u ma a nan take kwance. Ba wanda zai tsaya a wannan wuri Yahudawa su faɗo masa a rai, don Sakkwato ba ta taɓa yin unguwar Yahudawa ba, balle majami'arsu. Amma a cikin littattafan da Shehu ya bari akwai wani malami da yake yawan kafa hujja da shi, kuma ba a ba da tarihin malamin nan ba tare da an ambaci Yahudawan Sahara ba. Shi ne Muhammad bn Abdulkarim al-Maghili, wanda Kanawa ke kira Shehu Maghili.

Mun san shi ta fuska ɗaya. Shi ne baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa Tajud Din a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Sharifan Kano suna danganta kansu da shi, sarautar Sidi Fari ma daga zuriyarsa ake jingina ta. Shi ne kuma ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai, amsoshin da Shehu ya ɗebo daga cikinsu a Sirajul Ikhwan. A Tanbihul Ikhwan ya kawo wasiyyarsa ga Rumfa, ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuma ya yi amfani da rubuce-rubucensa a Liya'us Sulɗan. Abin da ba kasafai ake faɗa a zaurukan karatu ba shi ne abin da ya faru kafin malamin nan ya ƙetaro hamada ya iso ƙasar Hausa.

Tuwat jerin dausayi ne a tsakiyar Sahara, cikin lardin Adrar na Aljeriya ta yau. Ayarin da ya taso daga Tilimsan ko Sijilmasa zai nufi Tambutu ko Agadas, a nan yake yada zango ya sha ruwa. Babban garinta a wancan zamani Tamantit ne, kuma Yahudawa sun daɗe a cikinsa: maƙeran zinariya, dillalai, masu ba fatake bashin kaya. Wani ɗan kasuwar Italiya mai suna Antonio Malfante ya sauka a Tuwat a 1447, ya rubuta wa mutanensa cewa Yahudawan wurin suna da yawa, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma ciniki ta hannunsu yake bi. Hanyar Sahara ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Taswirar nan ta 1375 mai hoton Mansa Musa riƙe da curin zinariya, wani Bayahuden tsibirin Mayorka, Abraham Cresques, ake danganta wa zana ta.

Da Maghili ya baro Tilimsan ya zauna a Tuwat, wannan zama bai yi masa ba. A ganinsa Yahudawan sun warware alkawarin amana: sun kusanci masu mulki, suna hawa da sutura irin ta manya, ba sa biyan jiziya yadda littafi ya tsara. Ya ce majami'arsu ta Tamantit ba ta da hurumin tsayawa a garin da Musulmi suka kafa. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi bn Abi Bakr al-Asnuni, ya ce a'a. Mutanen nan 'yan amana ne, an same su da wurin ibadarsu, malaman da suka gabata sun gani ba su taɓa shi ba, don haka ba mai taɓa shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina a duk labarin. Ba su fara da takobi ba, da takarda suka fara. Aka aika tambaya Tilimsan da Fas da Tunis. Ibn Zakri, muftin Tilimsan, da Isa al-Mawasi na Fas suka ce ba a rushe majami'ar. Al-Tanasi ya goyi bayan Maghili, Imam Sanusi mai Ummul Barahin, littafin tauhidin da almajiranmu ke karantawa har gobe, shi ma ya yaba masa. Dukansu Malikawa ne, Mudawwana ɗaya suka karanta, suka saɓa. Al-Wansharisi ya tattara fatawoyin ɓangarorin biyu a cikin al-Mi'iyarul Mu'urib, suna nan har yau ga mai son dubawa.

Da amsar al-Tanasi ta iso, Maghili ya tara mutanensa suka rushe majami'ar. Masu tarihinsa sun ce ya sa ladan miskali 7 na zinariya a kan duk Bayahuden da aka kashe. An zubar da jini, wasu suka musulunta, sauran suka watse zuwa garuruwan bakin hamada. Wajen 1492 ke nan, shekarar da Garnaɗa ta faɗi a hannun sarakunan Sifen, aka kuma kori Yahudawa daga ƙasar. Waɗancan korarrun a ƙasashen Musulmi da yawa daga cikinsu suka sami mafaka, a Fas da Tunis da Istanbul ta Sarki Bayazid na Biyu.

Maghili malami ne babba, kuma abin da ya koya wa sarakunanmu a kan adalci da tsare dukiyar baitulmali ba ƙarami ba ne. Amma a mas'alar Tamantit ina ganin gaskiya tana wajen alƙali al-Asnuni. Ko da za a ce wasu attajirai sun wuce gona da iri, maƙerin da ke bakin maƙerarsa da matarsa da 'ya'yansa me suka yi?

Labarin bai tsaya nan ba. Maghili ya bi ta Azbin da Takedda ya iso Katsina da Kano, daga nan ya wuce Gao wurin Askiya, wanda ya karɓi mulki a 1493. Yana can labari ya iske shi an kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gao, aka kuwa kama su. Sai alƙalin Tambutu, Mahmud bn Umar Aƙit, ya tsaya ya ce ba za a yi haka ba: fataken nan ba su ji ba ba su gani ba, ba a kama mutum saboda garin da ya fito. Askiya ya sake su. Ahmad Baba na Tambutu, ɗan gidan su alƙali Mahmud, shi ya adana mana wannan a Nailul Ibtihaj. Duk da haka ƙofar Songhai ta rufu ga Yahudawa. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ce a zamaninsa sarkin ba ya yarda Bayahude ya zauna a Tambutu, ɗan kasuwar da aka samu yana hulɗa da su kuma a ƙwace dukiyarsa. Maghili ya koma Tuwat ya rasu wajen 1504.

To me Shehu ya ɗauka daga gare shi bayan shekara ɗari uku? Hukuncin masu gauraya Musulunci da al'adun jahiliyya, gargaɗi a kan miyagun malamai, haƙƙin talaka a kan sarki, da batun mai jaddada addini. Da daular Sakkwato ta kafu, tambayar zama da wanda ba Musulmi ba ta taso a kan Maguzawa, aka ba su amana, suna biyan jiziya suna noma gonakinsu a ƙasar Kano da Katsina da Zazzau. Bayahuden da tarihin wancan zamani ya nuna mana a kan hanyar Hausa baƙo ne mai wucewa: Jacob, mutumin Jibraltar, mai kula da kayan ayarin Turawa Clapperton da Oudney lokacin da suka taso daga Kukawa a Disambar 1823 suka nufi Kano.

A Tambutu aka sake buɗe ƙofar. Mordekai Abi Serur malamin Attaura ne, haifaffen Akka a kudancin Maroko, ya yi karatu a Ƙudus. Wajen 1860 ya ratsa hamada da ƙaninsa Ishaƙ, aka tsare su a Arawan, da ƙyar suka kai Tambutu. Fataken Larabawa da ke tsoron kishiya a kasuwa suka tayar masa da ƙura, shi kuwa ya kare kansa da hujjar shari'ar Musulunci cewa ɗan amana jiziya ake karɓa a hannunsa, ba ransa ba. Maganar ta kai Hamdullahi, fadar daular Masina, ƙanwar Sakkwato a jihadi, Sarki Ahmadu Ahmadu ya ba shi izinin zama da ciniki. Ya kirawo 'yan'uwansa daga Akka har suka cika maza goma, adadin da sai da shi Yahudawa ke yin ibadar jam'i. Ran Asabar su rufe shago, ba sa kunna wuta, ba sa taɓa kuɗi, daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito daren Lahadi. Abin bai daɗe ba. Hamdullahi ta faɗi a hannun Alhaji Umaru Futi a 1862, ƙasa ta rikice, aka yi ta washe masa kaya, ya koma arewa da talauci ya rasu a birnin Aljas a 1886. A 1993 masanin tarihin Tambutu Ismael Diadié Haïdara ya kafa ƙungiyar Zakhor ta Musulmin Mali masu danganta asalinsu da waɗancan Yahudawa.

A Kano ta zamanin Turawa ma an yi Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, wanda ya zama ɗaya daga manyan masu sayen gyaɗa, ya yi gogayya da kamfanonin Ingila. Da shi da dillalansa Hausawa ciniki ne ya haɗa su.

Daga 1948 magana ta canja gaba ɗaya. Bayan kisan Yahudawa miliyan 6 da 'yan Nazi suka yi a Turai, aka kafa ƙasar Isra'ila, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu. A 1960 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniyar bashi da Isra'ila, Jihar Yamma da ta Gabas suna ta aiki da kamfanin gine-ginenta Solel Boneh, amma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, jikan Sarkin Musulmi Atiku na Raba, ya ce Arewa ba ta ciki, kuma bai sauya ba har aka kashe shi a Janairun 1966. Gwamnatin Gowon ta yanke hulɗa a Oktoban 1973. A 1984 Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife suka je Isra'ila, gwamnatin soja ta Buhari ta hana su fita masarautunsu wata 6. Babangida ya maido da hulɗa a 1992. Duk wannan siyasa ce ta ƙasa da ƙasa, a kan Ƙudus da haƙƙin Falasɗinawa, kuma Arewa tana da hujjarta.

Siyasar nan ta cinye tsohon zaman Arewacin Afirka. Maroko tana da Yahudawa kimanin 250,000 a ƙarshen shekarun 1940, yau ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba. Na Aljeriya kusan duka sun tafi a 1962, yawanci Faransa. Jikokin mutanen da suka yi ƙarnoni suna magana da Larabci da Berberanci suna cin kasuwa da kakanninmu, yanzu sai a Isra'ila da Faris da Montreal.

Tun harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200, da yaƙin da Isra'ila ta yi a Gaza wanda ya hallaka dubun-dubatar Falasɗinawa, mata da yara da yawa a cikinsu, ba masallacin Juma'ar da ba a yi addu'a ba, kuma fushin yana kan hanya. Abin da ke damuna shi ne yadda a Facebook da majalisun hira ake tattara Bayahude da gwamnatin Netanyahu a zuba a buhu ɗaya. Yahudawan duniya sun kai miliyan 15, fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke ba. B'Tselem, ƙungiyar da ke tattara bayanan zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa tun 1989, 'yan Isra'ila ne suka kafa ta. A Amurka 'yan Jewish Voice for Peace sun sha kamu a zanga-zangar neman tsagaita wuta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi yaƙi da ƙabilun da suka karya alkawari a Madina, ya kuma bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda bashin sha'ir.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane hukuncin alƙali Mahmud, don mu ne fataken Gao na wannan zamani. A Maris ɗin 2025 aka tare matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo aka kashe su, ba don an kama su da laifi ba, sai don inda suka fito.

Amsoshin Maghili ga Askiya an fassara su zuwa Turanci tun 1985, aikin John Hunwick, wanda kuma ya fitar da littafi a kan Yahudawan Tuwat a 2006. Ɗalibin Landan yana karanta hujjar al-Asnuni da ta Ibn Zakri, almajirin da ke zaure a Gidaɗawa bai ko ji sunansu ba. Ina kira ga malaman Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu su fassara fatawoyin Tuwat zuwa Hausa, na ɓangarorin biyu, ba tare da an rage ko ɗaya ba, a buga su a farashin da almajiri zai iya saye.