Yadda Ake Sallamar Yaro Zuwa Gwanja a Zamanin Fatake

In aka ɗauke aikin hajji, fataucin goro zuwa Gwanja shi ne tafiya mafi nisa da saurayin ƙasar Hausa ya saba yi a ƙarni na 19. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato bayan kaka, ya haye Kwara a Yawuri ko Ilo, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, sannan ya sauka Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Gana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Cikin masu tafiyar akwai samari da yawa, 'ya'yan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda fatauci gado ne a gidajensu.

Iyaye ba su jahilci abin da ke hanya ba. Bargu ta yi suna wajen 'yan kwanta, koguna na cin mutum da jaki, ga agana da zazzaɓi, ga tsoron a kama wanda ya rabu da jama'a a sayar da shi bawa. Saboda haka shirin farko shi ne zaɓen wanda za a damƙa wa yaron. Ba a sakin sa shi kaɗai. Uba kan riƙo hannunsa ya kai shi gaban kawu ko wani amini da ya sha zuwa Gwanja, ya ba da shi amana a gaban shaidu. Daga ranar ya zama yaron wannan mutum: ya ɗaure wa jaki kaya, ya yi kiwo a zango, ya ɗebo ruwa da itace, ya kwana inda aka ce ya kwana.

Shi kuma ubangidan yana ƙarƙashin madugu, kuma sunan madugu ne ke sa hankalin uwa ya kwanta ko ya tashi. Madugu nagari ya san kowane sarki da ke kan hanya, ya san gaisuwar da za a kai masa da kuɗin fiton da za a biya a bakin kogi, ya san lokacin da ake biya da lokacin da ake zare takobi. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na tara abin da kowa zai bayar, malamin ayari kuma shi ke zaɓar ranar tashi, ya ja salla, ya rubuta lissafi. In mutum ya rasu a hanya, ana ƙididdige kayansa a kai wa magada. Wannan tsari ne ya sa talaka ke iya sakin ɗansa. Yawan jama'a ma kariya ne. Wani ayari mai dawowa daga Gwanja da Baturen Ingila Clapperton ya tarar a Kayama a 1826 ya haura mutum 1,000, maza da mata, da dabbobi kusan haka.

A cikin gida, shirin na mata ne da malamai. Akan haɗa guzurin da ba ya lalacewa, kilishi da dakuwa da garin gero, a ƙara da goran ruwa da buzun kwanciya. Malam ya yi rubutun sha, ya rubuta laya, baduku ya ɗinke ta da fata a rataya wa yaron. Ranar tashi sai ya durƙusa gaban mahaifansa ya nemi gafara, a yafi juna, domin kowa ya san ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba. Ɗan jarin da ake ba shi ba wuri ba ne, don wuri na da nauyi. Kaya ne: kanwa, ko turkuɗi, ko jar fata, abin da zai sayar a can ya sayi goro.

Abin da ya rage shi ne masauki. Kowane babban gari a hanyar yana da zango, kuma a zangon akwai fatoma, Bahaushe ko wanda ya iya Hausa, da zai ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya samo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso da 'yan gari. Gidaje da yawa na fatake sun gaji masaukinsu tun daga kakanni, don haka yaro kan isa Salaga ya tarar an san sunan ubansa. Ta hannun waɗannan masu masauki ne wasiƙa ke tafiya, da Larabci ko ajami, kodayake labarin lafiyar ɗa kan yi watanni kafin ya iso gida. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana matashi ya bi irin wannan ayari don ya ga mahaifiyarsa da ta koma Ankara, babban birnin Gana na yau.

A dawowa aikin yaro ya fi yawa. Goro ba ya son sakaci, sai an riƙa kwance shi, a tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye. A nan ne ubangida ke gane ko an yi ɗan kasuwa.

Hanyar ta fara rauni bayan Ingilishi sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya kau. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka koma Kete-Karachi da Kintampo da Kumasi. Da aka fara ɗauko goro ta teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, sai manyan ayarorin jakuna suka yi ta raguwa har suka ƙare. Zangunan dai suna nan a Kumasi da Ankara da sauran garuruwan Gana, kuma Hausa ce harshen hulɗa a cikinsu.