Mil da Farsahi a Sararin Samaniya: Sake Auna Alƙaluman Alfargani

Tsakure

Maƙalar ta mayar da nisan Wata da Rana zuwa milin Larabawa da farsahi, ta kwatanta su da alƙaluman Alfargani. Ta gano cewa saɓani a kan tsawon mil bai taka kara ya karya ba, kuma tushen kuskuren yana cikin hanyar da ya gada daga Baɗalimus.

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta Risala ya haɗu da mil a babin sallar ƙasaru: baridi huɗu, mil 48, wato farsahi 16. Da wannan ma'auni ne masana falaki na Bagadaza suka auna sama. Wajajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya aika masana filin Sinjar, suka samo cewa daraja ɗaya ta kewayen duniya mil 56 ce da sulusi biyu. A kan wannan Alfargani, masanin falaki na ƙarni na 9, ya gina lissafinsa: kewayen duniya mil 20,400, daga cibiyarta zuwa doronta kuma mil 3,250.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Nallino ya ƙiyasta milin zamanin Ma'amun, mai zira'i 4,000, a kan mita 1,973. Hinz ya kai shi wajen kilomita biyu. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba.

Ra'ayin da muke jayayya da shi shi ne mai cewa tunda tsawon tsohon mil ba tsayayye ba ne, ba a iya hukunta alƙaluman magabata. Hujjar da aka fi kafawa ita ce ta Kolumbus, wanda ya ɗauki adadin Alfargani ya lissafa shi da milin Rumawa mai mita 1,480, duniya ta ragu masa da rubu'i. Wannan ya faru. Amma ɓatan mai karatu a ƙarni na 15 ba ya hana a auna marubucin ƙarni na 9 da ma'auninsa.

Hanyar Bincike

An ɗauki mil a kan mita 1,973, farsahi kuma mil uku. An ninka alƙaluman Alfargani da wannan, aka raba na zamani da shi.

Sakamako

A ma'aunin yau matsakaicin nisan Wata kilomita 384,400 ne, wato kimanin farsahi 65,000. Alfargani ya ce mafi nisan Wata ya ninka rabin faɗin duniya sau 64 da sudusi, wato mil 208,542, ko kilomita 411,000. Mafi nisan da aka sani yau bai wuce kilomita 407,000 ba. A nan ya kusa bugawa daidai.

Rana ce ta tona inda gizo ke saƙa. Nisanta kilomita miliyan 149.6 ne, farsahi miliyan 25 da ɗoriya. Alfargani ya ba ta mil 3,965,000, wanda bai kai farsahi miliyan ɗaya da rabi ba. Giɓin ya kai ninki 19. Babu wani mil, na Bagadaza ko na Rum, da zai cike shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne iyakar samarsa. Ya bi tsarin Baɗalimus na falakai masu lulluɓe juna, inda mafi nisan kowane tauraro shi ne mafi kusancin na gaba da shi, babu fili a tsakani. Da ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya wuce Zuhalu, sai ya sa falakin kafaffun taurari a ninki 20,110 na rabin faɗin duniya, wato mil 65,357,500. A milin Nallino wannan kilomita miliyan 129 ne, a na Hinz miliyan 131, a na Rumawa miliyan 97. Ko wanne aka ɗauka, samar Alfargani gaba ɗayanta, da Mushtari da Zuhalu da taurarinta, ba ta kai nisan da ke tsakaninmu da Rana ba.

Dalilin a fili yake. Idan mutum biyu suka dubi Wata daga wurare masu nisa, mazauninsa yakan goce da kusan daraja guda, abin da ido da kayan aikin tagulla ke iya kamawa. Gocewar Rana ba ta kai daƙiƙa tara ta kusurwa ba, ido kuwa ba ya ganinta. Sai a 1672, bayan samuwar madubin hangen nesa, Cassini da Richer suka auna Mirrihi daga Faris da Kayen, suka samo adadin nisan Rana da ya kusanci gaskiya.

Iyakokin Bincike

An dogara ga marubuci ɗaya, kuma an kwatanta mafi nisan Rana a wurinsa da matsakaicin nisanta na yau. Wannan ba ya sauya sakamakon da fiye da kashi kaɗan cikin ɗari.

Kammalawa

Awon ƙasa na zamanin Ma'amun ingantacce ne, domin a milin Nallino daraja ta kama kilomita 111.8, ta yau kuma kimanin 111. Muna kira ga masu koyar da tarihin falaki su riƙa gabatar da alƙaluman magabata da mil ɗinsu da farsahinsu tare da kilomita, domin ɗalibi ya ga inda suka dace da inda kayan aiki suka gaza musu.