Gidan Jaekel Na Ebute Metta: Tsohon Benen Da Ke Cikin Harabar Reluwe

Da yawa daga cikinmu nan Agege mun sha wucewa ta Ebute Metta, amma kaɗan ne suka taɓa kutsa kai cikin harabar ma'aikatar jirgin ƙasa. To, a can ciki, bayan an wuce tsofaffin ofisoshi da gidajen ma'aikata, akwai wani bene da ake kira Gidan Jaekel. An gina shi a 1898, wato shekara biyu da fara shimfiɗa layin dogo daga Ikko. Layin ya kai Ibadan a 1901. A 1911 jirgi ya shiga Kano ta layin Baro, a 1912 kuma aka haɗe layukan biyu suka zama hukuma ɗaya. Kenan gidan ya girmi jirgin da ya kawo kakanninmu.

Da farko babban manajan reluwe ne ke zaune a ciki, daga baya aka mai da shi masaukin manyan ma'aikata. Sunan da yake amsawa yanzu na Francis Jaekel ne, wani Bature da ya daɗe yana aikin jirgi a ƙasar nan, ya kuma rubuta tarihin reluwen Nijeriya.

Ginin kansa abin a tsaya a duba ne. An yi shi tun ba a san na'urar sanyaya ɗaki ba, don haka duk dabarar magina ta tafi wajen iska da inuwa. Baranda ce mai faɗi, rufin kwano ya zubo ya rufe ta, rana ba ta samun bango kai tsaye. Tagogi manya-manya, rufin ɗaki can sama, katako ko'ina. Wurin kwana a sama yake, nesa da danshin ƙasa. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soron ƙasa a Kano ko Zariya zai gane manufar, sai dai mu da kaurin bango muke korar zafi, su kuwa nan bakin teku sai suka buɗe wa iska hanya. Ka fito daga wannan baranda ka koma ɗakinmu na haya mai taga ɗaya, wallahi sai ka ji kamar an tura ka tanda.

Lambun ma ba ado kawai ba ne. Fili ne na ciyawa da manyan itatuwa, shi ke sanyaya iskar kafin ta shiga gida. Yau amare da angwaye ke zuwa ɗaukar hoto a wurin, kuma an ɗauki wani ɓangare na fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan a gidan. Amma mu faɗi gaskiya: a zamanin da aka gina shi, baƙar fata ba ya hawa wannan baranda sai in kuku ne ko boyi ko mai gadi. Kuɗin da ya riƙe reluwe kuwa daga kayan talakawa ya fito: gyaɗa da auduga da fatu da shanu su gangaro, goro ya hau. Goron nan shi ya zaunar da iyayenmu a Agege, kusa da tasha.

Gidan ya lalace sosai kafin ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara shi a 2010, da hannun masanin zanen gine-gine Farfesa John Godwin. Yanzu ƙaramin gidan tarihi ne, akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin jirgi.

Kada mu ɗauka tunda an gyara shi ke nan ya tsira. Ku tuna Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, bene irin ginin 'yan Birazil, na wajen 1855. Tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta hana taɓawa. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajibirin Babbar Sallah, muna can muna cinikin raguna, katafila ta baje shi. Takarda ba ta tare katafila ba. Fili a Legas ya fi zinariya tsada, ga Ebute Metta ta ƙara daraja tun da aka buɗe sabuwar tashar jirgin Ibadan a 2021.

Abin da ya fi damunmu shi ne namu rabon na wannan tarihi. Labarin fataken goro da dillalan shanu da 'yan dakon tasha yana bakin dattawanmu ne, kuma kullum raguwa suke. A wasu gidajen unguwar nan ba za a rasa tsohon tikiti ko rasit ɗin lodin goro ko hoton kaka a ƙasan adaka ba. Malaman makarantunmu su shirya su kai yara Ebute Metta su ga benen, in sun dawo kowane yaro ya je ya tambayi kakansa a wace tasha ya hau jirgi, da wa ya sauke shi ran da ya iso.