Shaƙar Iskar Haidirojin a Cututtukan Numfashi: Bitar Hujjojin Asibiti

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin gwaje-gwajen da aka yi na shaƙa wa masu ciwon huhu iskar haidirojin. Ta nuna cewa marasa lafiya na jin sauƙi, amma ba a tantance ba ko iskar magani ce, ko kuwa rashin nauyinta ne ke sassauta numfashi.

Gabatarwa

A shekarar 2007 Shigeo Ohta da abokan aikinsa a Japan suka wallafa a mujallar Nature Medicine cewa shaƙar haidirojin kashi 2 cikin ɗari ta rage lalacewar ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka toshe wa jijiyar jini sannan aka buɗe. A cewarsu, haidirojin na kashe kaifin haidiroksil, wani sinadari mai ɓata ƙwayoyin jiki. Da yake irin wannan ɓarna na da hannu a kumburin huhu, kuma ta huhun iskar ke shiga, sai hankalin masu bincike ya koma can.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A watan Maris na 2020 hukumar lafiya ta ƙasar Sin ta sanya haɗin haidirojin kashi biyu bisa uku da oksijin kashi ɗaya bisa uku cikin ƙa'idojin jinyar korona. Binciken da Zhong Nanshan da tawagarsa suka fitar a shekarar, kan mutum 90, ya ba da rahoton raguwar sarƙewar numfashi. Sai dai ba da ƙuri'a aka raba marasa lafiyar ba, kuma kowa ya san abin da yake shaƙa, wanda hakan ya rage wa sakamakon ƙarfi sosai.

Wanda ya fi inganci shi ne na 2021 a mujallar Respiratory Research, kan mutum 108 da cutar toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa ta tasar wa. An raba su da ƙuri'a zuwa rukunin masu shaƙar haidirojin da na waɗanda ba sa shaƙar ta, kuma babu likita ko majinyacin da ya san wanda ke wane rukuni. Tari da kaki da haki sun fi raguwa a rukunin haidirojin, amma awon aikin huhu da na oksijin a jini bai nuna bambanci ba.

Tattaunawa

A nan gizo ke saƙa. Nauyin haɗin haidirojin da oksijin bai kai rabin na iskar da muke shaƙa ba, don haka yana ratsa ƙuntatattun hanyoyin numfashi cikin sauƙi. Tun shekarun 1930 likitoci ke cin irin wannan moriya da haɗin heliyom da oksijin, alhali heliyom ba ya taɓa haidiroksil. Gwajin da zai raba gardama shi ne a kwatanta haidirojin da heliyom kai tsaye, a kuma auna kumburi da kwanakin jinya.

Akwai kuma haɗarin gobara, domin haidirojin na kamawa da wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin ɗari a iska. A ra'ayin wannan maƙala, hujjar da ke hannu ta isa a ci gaba da gwaji, amma ba ta kai a rubuta wa majinyaci haidirojin a matsayin magani ba.